Amsa: Diclofenac da ciwon gwiwar Hajiya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce likita a Makka ya rubuta wa Hajiya diclofenac bayan gwiwarta ta kumbura da sa'ayi, kana tambaya ko za ta ci gaba da sha in ya ƙare. Allah ya ba ta lafiya. Safa da Marwa sau 7 ya kai kilomita 3, ga tsohuwa ba wasa ba ne.

Maganin, wanda a kantin magani a nan ake ce wa Voltaren, yana tsayar da wani sinadari, COX, da jiki ke haɗa prostaglandin da shi. Prostaglandin ɗin ne ke kawo kumburi da zafi. Shi ya sa ake ba masu amosanin gaɓɓai, ciwon baya, haƙori da ciwon mara.

Sai dai wannan prostaglandin shi ne kuma ke kare bangon ciki, yana taimakon jini zuwa ƙoda. Ka ga inda gizo ke saƙa. Ni na sha shi da sahur kan shayi kawai, kwana huɗu ƙirjina kamar an zuba barkono.

Ta sha bayan ta ci abinci, ta yawaita ruwa, zafin Makka ba ya raga wa ƙoda. Kada ya wuce miligiram 150 a yini, kada ta haɗa da Brufen. In tana da olsa, hawan jini ko ciwon zuciya, ku koma wurin likitan kafin ƙarin kwali. In bayan gidanta ya yi baƙi, asibiti nan take. Ku tambayi likitan diclofenac na shafawa ma, ya fi sauƙi ga ciki.