Hujja nawa ce ke isa a ce abu gaskiya ne?

Tambaya: Malam, mun yi gardama da abokina. Shi a ganinsa idan mutum goma suka faɗi magana ɗaya, to ta tabbata. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Shin akwai adadin hujjar da idan ya cika sai a yarda?

Amsa: Babu adadi guda da ya dace da kowace magana, ɗan'uwa. Idan wani ya ce maka an yi ruwa jiya da dare, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta wadatar. Idan ya ce ya samo maganin ciwon daji, rantsuwar mutum dubu ba ta isa ba, domin da'awar ta yi nauyi kuma kuskure a cikinta rai zai ci. Shi ya sa kotu ke yanke rikicin bashi bisa rinjayen hujja, amma ba ta ɗaure mutum kan laifi sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana.

Inda nake so ka tsaya shi ne mutum goman nan. Daga ina kowannensu ya samo maganar? Idan duk daga baki ɗaya suka ji, shaida ɗaya gare ka, sauran tara amsa-kuwwa ne. Malaman hadisi sun daɗe da gane haka: ba sa kiran labari mutawatiri sai jama'ar da suka ruwaito shi sun kai yadda haɗa baki kan ƙarya ba zai yiwu ba.

Masana kimiyya ma sun sha faɗa wa wannan rami. A 2011, masu gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin niyutirino (wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai ƙwayar zarra ba) da aka harbo daga CERN, cibiyar binciken kimiyya da ke kusa da Geneva, zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kusan kilomita 730, sun riga haske isa da kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa, alhali a sanin kimiyya babu abin da ya fi haske gudu. Awo sama da 15,000 suka tattara. A 2012 aka gano wata wayar haske (wayar da ke kai saƙo ta hanyar haske) da ba ta shiga mazauninta sosai ba, kuma duk lissafin lokacin ta cikinta ya bi. Wata tawaga, ICARUS, ta auna da nata kayan, ta tarar ƙwayoyin ba su wuce haske ba. Abin da ke burge ni shi ne masu OPERA da kansu suka roƙi a bincika aikinsu tun ranar sanarwa.

A 2012 ɗin ne kuma, ranar 4 ga Yuli, aka sanar a CERN da ganin ƙwayar Higgs, wata ƙaramar ƙwaya da masana suka daɗe suna nema. Tawagogi biyu, ATLAS da CMS, kowace da na'urarta, suka ga abu ɗaya, da ƙarfin da dace kaɗai ba zai haifar ba sai kamar sau 1 cikin miliyan 3.5. Nan ne aka yarda.

Don haka ka koma wurin abokinka, ku bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya: wa ya gani da idonsa, wa aka gaya wa, kuma akwai wanda ya yi ƙoƙarin ƙaryata maganar ya kasa?