Amsa ga Yayana na Sakkwato Kan Yaranmu na Gadarif

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka tambaye ni ko gaskiya ne yaranmu na nan Sudan sun fara juya wa addini baya. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da ka ji, amma bari in faɗa maka inda aka faro.

Addini ne ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Har gobe a unguwarmu da allo yaro yake buɗe ido. Sai dai yaran nan sun tashi ne a ƙarƙashin mulkin da ya shekara 30, daga 1989 zuwa 2019, kullum da sunan shari'a a bakinsa. Sun ga ana yi wa mace bulala don ta sa wando, manyan da suka wawure dukiyar ƙasa kuwa ko ƙwarzane babu. Sun kuma ji labarin Mahmud Muhammad Taha, wani malamin addini na nan Sudan, dattijo ɗan shekara 76, da aka rataye a kurkukun Kobar a Janairun 1985 da sunan ridda.

Gwaggonmu tana sayar da shayi a bakin tasha. Ranar da masu kaki suka kwashe mata murhu da butoci da kujeru, ɗanta yana tsaye riƙe da kofuna, shekararsa tara. Shi ne yau yake tambayata, in dokar Allah ce, don me bulalar ba ta sauka sai a bayan talaka? Na ce masa laifin mutane ne. Ya ce ai mutanen nan ayoyi suka jawo. Wallahi maganar nan ta sha hana ni barci. Abin da na lura shi ne, ma'aunin adalcin da yake auna su da shi, a kan tabarmar makarantar allo ya samo shi.

Da birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan a Disambar 2023, jama'a suka kwararo Gadarif, mata da goyo, tsofaffi ba ko takalmi. Ɗan gwaggon nan da abokansa suka fara ɗora tukunyar ciyar da 'yan gudun hijira. Takiyya ake ce mata, suna ne da aka gada daga shehunan ɗariƙa masu ciyar da baƙo. Liman ya ba su harabar masallaci, 'yan'uwa na Saudiyya suna turo kuɗi ta waya. Tun asuba yake hura wuta, ya raba wake da burodi, Musulmi da Kirista layi ɗaya. In aka kira salla wasu su shiga sahu, shi ya ci gaba da juya ludayi.

Na san za ka ce ya kamata mu yanke shi. Dattawanmu ba su yi haka ba, ni ma ina bayansu. Ana yi masa nasiha, ana yi masa addu'a, kwanonsa na nan a cikin namu.

Shi yana ganin za a iya riƙe ciyarwa da zumunci a ajiye saura. Ni ina shakka, don shi ya sha addinin a nono, ban san me jikokinsa za su sha ba. Na gaya masa haka ido da ido. Bai ce komai ba, amma da ɗansa ya kai shekara biyar na nemi in kai shi wurin malam, shi da kansa ya je kasuwa ya sayo allon.