Sai Na Biya Kuɗi Kafin Java Ta Nuna Mini Bayanan Ɗalibi?

Tambaya: Malam, ina koyon yaren rubuta kod na Java. Na gina aji mai suna Dalibi, na ba shi gurbin suna da na shekaru, amma da zarar na ce a buga shi a allo sai in ga Dalibi@1b6d3586. Abokina ya ce in sayi manhajar rubuta kod ta kuɗi, wai ita ke gyara wannan. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, babu abin da ya lalace. Kowane aji a Java yana gadon aikin toString(), mai mayar da abu rubutun da za a buga a allo, daga uban ajujuwa, wato Object. Shi kuwa uban bai san ɗalibinka yana da suna ba, don haka sai ya ba ka sunan aji, alamar @, da lambar hash, wato lambar shaidar abin, a ƙirgen goma sha shida. Kai za ka rubuta naka toString() a cikin ajin, ka ce ya dawo da suna da shekaru. Layi uku sun isa. Idan rubutun ya dame ka, manhajar rubuta kod ta Eclipse kyauta ce kuma tana rubuta maka shi, sannan tun daga Java 16 ta shekarar 2021, duk record, wato ɗan aji na riƙe bayanai, da ka gina da nasa toString() yake zuwa.

Abin da nake roƙonka, kada ka zuba duk abin da ajin ke riƙe da shi a cikin toString(). Idan ajin yana riƙe da kalmar sirri, cire ta, domin rubutun nan yakan faɗa cikin kundin log, wato tarihin ayyukan shirin, inda idanu da yawa ke gani. Haka kuma, idan toString() na Dalibi na buga wani aji mai suna Malami, na Malami kuma na buga Dalibi, za su yi ta kiran juna har StackOverflowError, kuskuren da ke faruwa idan kira ya yi yawa, ta tsayar da shirin.

Tambaya: Ni Python nake yi. Tsakanin __str__ da __repr__, masu yin aikin toString() a Python, wanne zan fara rubutawa?

Amsa: 'Yar'uwa, fara da __repr__. Shi na mai gyaran kod ne, shi ke fitowa idan kin buga jerin ɗalibai, kuma in babu __str__, print a kansa take dogara. Amma __str__ ba ya cike gurbin __repr__. Idan kin sa wa ajinki alamar @dataclass, wadda ta shigo da Python 3.7 a 2018, za ki sami __repr__ a shirye, gurbin kalmar sirri kuwa ki rufe shi da field(repr=False).