Kafin ki sayar da zoben daimon na gado

'Yar'uwa, kin ce kakarki ta bar miki tsohon zobe da sarƙa na daimon, kina son sayarwa amma ba ki san darajarsu ba. Ki fara kai su wurin mai kimantawa wanda ba shi zai saya ba, ki biya shi ladansa, ya rubuta miki nauyin dutsen a ma'aunin karat (karat ɗaya gram 0.2 ne), launinsa, tsabtarsa da irin yankansa. Ki gaya masa farashin sayarwa kike nema, domin adadin da ake rubutawa don inshora yakan zarce abin da mai saye zai biya nesa ba kusa ba.

Sharaɗi guda, don Allah kada ki yarda a ciro dutsen ko a sake yanka shi don ya ƙara ƙyalli. Na sha ganin kaya sun faɗi warwas ta haka. Tsohon yankan hannu da hatimin maƙerin da ke cikin zoben su masu tara kayan tarihi ke nema, kuma in hatimin na shahararren kamfanin kayan ado ne irin Cartier, gidan gwanjo zai fi miki mai narka zinare, ko bayan sun cire kasonsu. Akwatinsa da rasit ɗinsa, in suna nan, ki haɗa da su.