Tambaya da Amsa: In Zuba Kuɗin Adashe a Ajiyar Hatsi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa. Na kwashi adashe naira dubu 600, abokai kuma suna ta zuga ni in sayi masara ko wake yanzu da kaka, in ajiye zuwa damina. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka nufi kasuwa, ɗauki biro da takarda. Bayan kuɗin hatsin akwai buhun zubawa, dako, kuɗin mota, la'adar dillali a saye da sayarwa, da hayar sito ta wata shida ko bakwai. Hatsin kaka kuma yana ramewa in ya ƙara bushewa, mudu ya ragu. A ce ka sayi buhu dubu 40, ka kashe masa dubu 5: sai farashi ya haura dubu 45 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Kuma ba dole ba ne farashi ya tashi, abin da masu zuga ba sa faɗa ke nan. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya karye a kasuwar Dawanau ta Kano da sauran kasuwanni, masu ajiya da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Saboda haka kada ka zuba fiye da rabin kuɗin, kada kuma ka taɓa na makarantar yara ko na haya. Wanda buƙata ta kora kasuwa, dillali ne ke yanka masa farashi.

In ka shiga, bushewa ce farko. Zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a kwalba marar danshi, ka rufe, ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, mayar da hatsin rana, in ba haka ba fumfuna za ta ci shi. Ƙwari sun fi saurin cin wake, don haka nemi buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga. Matse iska, ɗaure kowace leda daban, kada ka buɗe sai ranar sayarwa. Jera buhunan a kan katako, nesa da bango, ka yi maganin ɓera, domin huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da hayaƙi da ake sa wa hatsi kuwa, kada ta kusanci ɗakin da ake kwana, tana kisa.

Tun yau ka rubuta farashin da in an kai shi za ka sayar, kuma ka fitar da kayan kashi uku, ba rana ɗaya ba.

Tambaya: Shin wannan ajiya ba ita ce ɓoye kaya da addini ya hana ba? Daga wata 'yar kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, malaman Malikiyya sun rataya hanin a kan cutarwa. Saye lokacin da kasuwa ta cika daban, riƙe abinci mutane suna nema babu daban. In ƙaranci ya zo garinku, ki buɗe sito ko da farashin bai kai yadda kika so ba. Zakka kuma, a mazhabar, mai jiran farashi yana fitar da ta shekara ɗaya ranar da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo wa jarin: kashi 2.5 cikin ɗari.