Tambaya: Muna wasan Nomic a WhatsApp, ya za mu tsara dokar jam'iyyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni da abokaina muna wasan Nomic a guruf ɗinmu na WhatsApp, yanzu wasu sun ce a shigo da jam'iyyu, to ya za mu rubuta dokar, kuma a ina za mu dinga ajiye dokokin don kullum sai an yi musu kan abin da aka amince?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ga waɗanda ba su san shi ba, Nomic wasa ne da wani malamin falsafa ɗan Amurka mai suna Peter Suber ya ƙirƙiro, aka fara buga shi a mujallar Scientific American a 1982, kuma wasan gaba ɗaya shi ne canza dokokin wasan. Ana farawa da dokoki 29, guda 16 masu wuyar taɓawa daga lamba 101 zuwa 116, sai 13 masu sauƙin gyara daga 201 zuwa 213, ƙudirin farko da wani zai kawo lambarsa 301, wanda ya riga kai maki 100 shi ya ci.

To kafin ku rubuta komai ku karanta doka ta 116, ita ce ta ce duk abin da doka ba ta hana ba halas ne, in banda canza doka. Kaga kenan in kuka rubuta "kowa zai iya kafa jam'iyya" kuka yi shiru, gobe mutum ɗaya zai kafa guda biyar shi kaɗai kuma ba ku da bakin magana. Sai ku faɗi mutum nawa ke kafa ta, ko uku ne ko huɗu, ku ce ba a shiga biyu lokaci guda, ku faɗi abin da zai faru in mambobi suka ragu, sannan batun sauya sheƙa, a hana shi muddin akwai ƙuri'ar da ba a rufe ba, in ba haka ba wallahi za ku ga ana tsalle minti biyu kafin ƙirga.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne a ce shugaban jam'iyya ya jefa wa mambobinsa ƙuri'a. Doka ta 207 ta ce kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma ta 211 ta ce in dokoki biyu suka ci karo mai ƙaramar lamba ke rinjaye sai dai in sabuwar ta faɗa ƙarara cewa ita ke gaba. Ko kun tsallake wannan ga ta 105 tana jiranku, wadda ta wajabta wa kowane ɗan wasa shiga kowace ƙuri'a, ita kuma ba ta gyaruwa sai kowa da kowa ya yarda an sauko da ita cikin masu sauƙin gyara. Ni a ganina ku bar wa kowa ƙuri'arsa, kawai ku sa tarar maki ga wanda ya saɓa wa jam'iyyarsa. Sannan ku lura da ta 204, bayan an daina neman amincewar kowa da kowa an koma bin rinjaye, duk wanda ya ƙi ƙudirin da ya yi nasara yana samun maki 10, to jam'iyya mai yawa za ta iya wuce da ƙudirinta ta sa ɗaya daga cikinta ya dinga cewa a'a yana kwasar maki a ɓagas har ya kai 100.

Batun ajiya kuma, kar ku dogara da saƙon guruf, WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15 kuma yana iya goge shi. Ku buɗe Google Docs ɗaya, mutum ɗaya ke rubutu saura karatu kawai, tarihin gyare-gyare zai nuna wa ya taɓa me da yaushe. In za ku yi zaɓe da poll na WhatsApp, wato wurin kaɗa ƙuri'a na cikin guruf, ku kashe maɓallin zaɓar amsa fiye da ɗaya, kuma tunda mutum na iya canza ƙuri'arsa, ku sa lokacin rufewa a cikin dokar, yana cika admin ya ɗauki sikirinshot ya tura guruf.