Tambaya da Amsa: Faifan Farko na Lady Antebellum

Tambaya: Malam, na taso ina jin Don Williams da Dolly Parton a rediyon mahaifina, amma kwanan baya a wani shago a Sabon Gari na ji waƙa mai suna I Run to You, namiji da mace suna karɓa wa juna baiti. Su wane ne suka rera ta? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Malam, waƙar ta wasu mawaƙa uku ce, Hillary Scott da Charles Kelley da Dave Haywood, waɗanda suka haɗu a birnin Nashbil na jihar Tenesi ta ƙasar Amurka a 2006 suka kira kansu Lady Antebellum. Tana cikin faifansu na farko mai ɗauke da sunan ƙungiyar, wanda kamfanin Capitol Nashville ya fitar a watan Afrilun 2008, kuma a makon fitarsa ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin faya-fayan kiɗan kantiri (wato salon kiɗan su Don Williams) na mujallar Billboard.

Al'adar masu wannan sana'a ita ce a tsamo waƙa ɗaya a aika wa gidajen rediyo domin ta ja hankalin masu saye. Love Don't Live Here ce ta fara fita tun 2007, ta kai matsayi na uku a jadawalin waƙoƙin kantiri, sai Lookin' for a Good Time ta biyo baya. Wadda ka ji ita ce ta uku, ita ce kuma ta fara kai su matsayi na ɗaya a 2009, sannan ta samo musu kyautar Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, a 2010.

A ganina, ba banza kunnenka ya kama ta ba. Don Williams shi kaɗai yake ba da labarinsa cikin natsuwa, su kuwa waɗannan muryar Kelley mai kauri ce ke ɗauko baiti, ta Scott ta karɓa, sannan su haɗu a amshi, Haywood yana tallafa musu da jita da fiyano. Duk wanda ya saba da waƙoƙin finafinan Hausa ya san daɗin wannan musaya.

Idan za ka neme su yanzu, ka nemi Lady A, domin a watan Yunin 2020 sun gajarta sunan, saboda kalmar da suka cire tana nuni da zamanin bautar da baƙar fata a jihohin kudu na ƙasar Amurka kafin yaƙin basasar 1861.